Rumfar takalman gudu ta gwanjo a kasuwar Katako: abin da na gani cikin shekara biyu

Duk wanda ya saba fitowa bayan sallar asuba ya nufi filin wasa na Janar Seyni Kountché a nan Yamai, idan ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafafun masu zagaya filin da gudu, zai ga takalma iri-iri: akwai mai sanye da takalmin ƙwallo wanda aka yi domin ciyawa, akwai mai takalmin roba na jika ɗaya, akwai kuma wanda ya zo da sabo fil mai walƙiya wanda bayan wata biyu za a gan shi ya buɗe baki kamar kifi. Ni ma na bi ta duk waɗannan matakai kafin in natsu a wuri ɗaya. Ina gudu sau huɗu a mako, abin da yake kai kilomita 30 idan an haɗa, wani lokaci a kewayen filin wasan, wani lokaci kuma a bakin kogi ta wajen Gamkalle har zuwa gadar Kennedy. Tun da matasan da muke haɗuwa da su suka yawaita tambayata inda nake samun takalmi, na ga ya kyautu in rubuta abin da na sani game da rumfar da nake saye, da alherinta da kuma inda ta gaza.

Rumfar tana cikin kasuwar Katako, a layin masu takalman gwanjo, kuma ba ta da allo ko suna a rubuce. Mai ita dattijo ne mutumin Adar wanda ya daɗe a Yamai, yana aiki tare da wani yaro ɗan ƙanensa. Abin da ya bambanta ta da maƙwabtanta shi ne, ya ware takalman gudu daban, ya jera su a kan katako a cikin inuwa, alhali yawancin masu wannan sana'a suna zube komai wuri ɗaya a rana, na ofis da na ƙwallo da na yawo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san zafin Afrilu da Mayu a wannan gari, lokacin da ma'aunin zafi yake haura 40 kusan kullum, domin rana tana busar da gam ɗin da ya riƙe tafin takalmi, tana kuma ƙagar da soson da ke tsakiya.

Dalilin da ya kai ni gwanjo lissafi ne kawai. Takalmin gudu na kullum daga manyan kamfanoni, irin su Pegasus na Nike ko Gel-Cumulus na Asics ko Ghost na Brooks, ana sayar da sabonsa a Turai a kan kuɗin da ya kai kimanin yuro 140. Tun da yuro ɗaya daidai yake da sefa 655 da ƴan kai, wannan ya kusa jika 92, ban da ladan wanda zai ɗauko maka shi. Albashi mafi ƙanƙanta a ƙasarmu jika 42 ne tun farkon 2024, wato takalmi guda ya fi albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci. Ba a ma maganar masu farantin kabon a ciki, wato wani siririn faranti mai tauri da ake sa wa a cikin tafin, waɗanda suka bazu a duniya bayan fitowar takalmin Vaporfly na Nike a 2017, kuma suka ƙara suna lokacin da ɗan tseren Kenya Eliud Kipchoge ya yi gudun fanfalaki cikin ƙasa da awa biyu a Vienna a watan Oktoban 2019. Waɗannan na ranar gasa ne, sun fi tsada nesa ba kusa ba, kuma ba su da amfani ga mai neman lafiyar jikinsa a kan jar ƙasa da rairayi.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai sababbin takalma na jabu da suka cika shaguna, masu ɗauke da tambarin manyan kamfanoni, waɗanda ake sayarwa jika 6 zuwa 10. Da su na fara, kuma da su na koyi darasi. Wanda na saya jika 7 a wani shago ya yi mini mako shida, wato abin da bai wuce kilomita 180 ba, kafin diddigensa ya lotse ta gefe ɗaya, gwiwata ta hagu ta fara yi mini ciwo idan ina saukowa daga bene. Idan aka raba kuɗin da nisan, kowace kilomita ta ci mini kusan sefa 39. Na farkon da na saya a rumfar dattijon nan, wani Asics ne shuɗi, jika 15 na biya bayan dogon ciniki, ya kuma kai ni kimanin kilomita 450 kafin in ji ya mutu a ƙafata, wato sefa 33 ke nan a kowace kilomita, ba tare da ciwon gwiwa ba. Sabo daga Turai, ko da ya yi kilomita 700, zai ci sama da sefa 130 a kowace kilomita. Tun daga lokacin na daina duba kuɗin da ake biya a ranar saye kaɗai, na koma tambayar nisan da ya rage a cikin takalmin.

A nan ne amfanin wannan rumfa ya fi fitowa, domin sanin nisan da ya rage a takalmin gwanjo shi ne dukan aikin, kuma mai rumfar yana barin mutum ya bincika yadda yake so. Ranar da na fara zuwa, hannuna ya kai kan wani fari tas mai kyan gani, wanda saman nasa bai da tabo ko ɗaya. Dattijon ya karɓe shi daga hannuna, ya juya shi, ya danna babban yatsansa a soson tsakiya ta ciki, sa'an nan ya nuna mini wasu ƙananan layuka da suka yi kamar tamojin fuskar tsoho a gefen diddige. Ya ce: "Malam, wannan na zuwa biki ne, ba na gudu ba. Baturen da ya sa shi ya shanye romon, ƙashi ya bar mana." Na ce: "Baba, ai kuwa shi ya fi kyau a duk layin." Ya ce: "Ido kake saya wa ko ƙafa?" Daga nan ya ɗauko shuɗin nan mai ɗan datti, ya ɗora su biyun a kan teburi ya ce in tsuguna in dube su ta baya. Farin ya karkata ciki kamar bangon da damina ta ci gindinsa, shuɗin kuwa yana tsaye cak. Da ya so, da ya sayar mini da farin a kan jika 18 na tafi ina murna.

Abin da ya koya mini a ranar ya yi daidai da abin da masana harkar suke faɗa. Takalmin gudu hawa uku ne: sama mai raga wanda yake rufe ƙafa, tafin roba da yake taɓa ƙasa, sai soson tsakiya wanda yake shanye nauyin jiki duk lokacin da ƙafa ta sauka. Yawancin wannan soso ana yin sa da wani roba mai kumfa da ake kira EVA, cike da ƙananan ramuka na iska, kuma duk taku yana matse su har ranar da za su daina komawa yadda suke. Shi ya sa ake ƙiyasta rayuwar takalmin gudu tsakanin kilomita 500 zuwa 800, gwargwadon nauyin mai shi da irin hanyar da yake bi. Soson yana iya mutuwa alhali saman takalmin yana sabo, musamman idan wanda ya fara sa shi a kan injin gudu na cikin ɗaki ya yi ta amfani da shi, inda babu ƙura balle ƙaya. A gefe guda kuma, Turawa da yawa suna sayen takalmi da niyyar fara motsa jiki, su sa shi sau biyar ko goma su gaji, ya ƙare a cikin dilar gwanjo da kusan dukan ƙarfinsa. Irin wannan ake nema, kuma ana samun sa ne ta hanyar duba zanen tafin ko yana nan da kaifinsa, da zare shimfiɗar ciki a ga ko sawun yatsun mai shi na farko ya zauna a kanta, da murɗa takalmin da hannu biyu a ji ko yana turjewa ko kuwa ya saki jiki kamar tsumma.

Akwai kuma takardar da ke ɗinke a bayan harshen takalmi, wadda mutane da yawa ba sa dubawa. Tana ɗauke da lambar ƙafa a ma'aunin Turai da na Amurka da na Ingila, sau da yawa har da tsawon a santimita, da ƙasar da aka ƙera shi, galibi Biyetnam ko Indonesiya ko Sin, da lambar samfurin, kuma a wasu kamfanoni har da watan da shekarar da aka yi shi. Yaron rumfar bai taɓa hana ni rubuta lambar samfurin a wayata in nema a intanet ba, kuma idan hoton da ya fito ya yi daidai da abin da ke hannuna, launi da fasali, hankalina yakan kwanta cewa na asali ne. A wasu rumfuna da zarar ka fito da waya sai fuska ta canza.

Game da awo ma ba ni da ƙorafi. Akwai benci da tsohon kwali a ƙasa, ana barin mutum ya sa ƙafa biyun, ya ɗaure igiya, ya taka zuwa ƙarshen layi ya dawo, har ya ɗan yi sassarfa idan kasuwa ba ta cika ba. Nakan je da la'asar ne, da safar da nake gudu da ita, saboda ƙafa tana ɗan kumbura idan yini ya yi, kamar yadda take yi idan gudu ya yi nisa. Ya kamata a bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmin. Ina sa lamba 42 a takalmin zuwa aiki, amma 43 nake saye domin gudu, kuma tun da na fara haka farcena bai sake yin baƙi ba.

Farashi a rumfar yana tafiya da daraja. Na ƙasa, waɗanda suka sha tafiya, jika 5 zuwa 8 ne, kuma shi kansa mai rumfar yana cewa na yawo ne. Na tsakiya jika 10 zuwa 15, na sama kuma, waɗanda kusan ba a taka ba, suna kai jika 20 zuwa 25. Ba shi ne mafi araha a layin ba, akwai masu sauke maka jika biyu ko uku ƙasa da shi, amma a wurinsu kai kaɗai ne da idonka. Kuɗin ma ya hau a ƴan shekarun nan. Dilolin gwanjo a da ta tashar Kwatano suke shigowa su biyo ta Gaya, amma tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso, hanya mai tsawo da jira, kuma duk abin da aka ƙara a kuɗin mota a kan mai saye yake sauka. Irin shuɗin da na saya jika 15, yanzu da wuya a bar maka shi ƙasa da jika 18.

Sai dai ba kullum ake kwana a gado ba, kuma ba zan ɓoye abin da ya same ni ba. A sayena na uku na ɗauki wani baƙi wanda tafinsa sabo ne ƙal, sosonsa da ƙarfi, na biya jika 17. Ban duba shekararsa ba saboda zumuɗi. A fita ta huɗu, ina kan hanyar bakin kogi da sanyin safiya, sai na ji ƙafata ta dama tana tafi a kan kwalta, da na duba sai ga tafin ya ɓalle tun daga yatsu har tsakiya. Na dawo gida ina jan ƙafa, igiyar takalmin ɗaure a kewayen tafin. Da na duba harshen sai na ga ya haura shekara takwas da ƙerawa. Ashe ajiya ce ta kashe shi, ba gudu ba, domin gam yana tsufa ko ba a taɓa takalmin ba, zafin kwantena da na kasuwa kuma ya ƙarasa shi. Na koma rumfar washegari. Dattijon ya juya takalmin ya daɗe yana dubawa, ya ce: "Wannan laifina ne da naka, Malam, ni ban duba ba, kai ma ba ka duba ba." Bai mayar mini da kuɗi ba, kuma ya faɗa mini ƙarara cewa ba ya mayarwa, domin shi ma ba wanda yake mayar masa idan ya kwance dila ya tarar da shara. Abin da ya yi shi ne ya aiki yaron da takalmin wurin mai gyara, ya biya da kansa, sa'an nan ya rage mini jika 4 a sayen da ya biyo baya. Na karɓi wannan a matsayin adalci daidai gwargwado, amma wanda jika 17 ɗin nan ita ce duk abin da ya tara, ba zai ji daɗin wannan ƙa'ida ba, kuma ya kamata ya san da ita kafin ya miƙa kuɗi. Ina ganin da zai ba da ko kwana uku na canji, da ba abin da zai rage shi.

Gyaran da aka yi ya buɗe mini wata ƙofar tanadi. Mai gyaran takalman da ke bakin layin ya kankare tsohon gam, ya shafa sabo, ya bar shi ya sha iska kafin ya haɗa, sa'an nan ya bi gefen gaba da ɗinki da zare mai ƙarfi. Aikin bai wuce dala ɗari ba, wato sefa 500, kuma takalmin ya ƙara yi mini wata huɗu. Yanzu duk wanda na saya nakan kai masa ya ɗinke bakin tun kafin ya buɗe. Abu ɗaya nake roƙonsa, kada allurar ta ratsa tsakiyar soson, kuma kada ya liƙa mini tayar mota a ƙasa kamar yadda ake yi wa takalmin aiki, domin nauyi da taurin tayar suna ɓata taku. Tsagewar raga da ɓallewar tafi duk suna gyaruwa, amma soson da ya mutu ba mai tayar da shi, kuma kuɗin da aka kashe a kansa asara ce.

Rauni na biyu na rumfar shi ne ƙarancin zaɓi. Lamba 43 zuwa 46 ba sa yankewa, amma 40 da 41 suna ƙarewa tun ranar da aka kwance dila, saboda su ne ƙafar yawancin matasanmu. Na mata kuma kaɗan ne ƙwarai. Ƙanwata, wadda take tafiyar motsa jiki da ƙawayenta da yamma, sai da muka yi sawu uku kafin ta sami 38 mai kyau. Maganin wannan shi ne a bar wa yaron lambar waya da lambar ƙafa, ya kira idan sabon kaya ya sauka. Yana kira kuwa, amma ba ya ajiye wa kowa sai an ba da wani abu a kai, kuma wanda ya yi jinkirin kwana biyu sai ya tarar ƴan sari sun tsince na kirki.

Rigunan da wandunan da yake ratayewa a bayan rumfar ba su kai takalman daraja ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya saye su a wurinsa. Yana sa musu jika 2 zuwa 3, alhali irinsu suna zube a wurin masu tulin gwanjo a Wadata da ma cikin Katakon a kan dala ɗari ko ɗari da hamsin. Abin da ake buƙata kawai shi ne riga mara nauyi ta zaren roba, irin ta ƴan ƙwallo, wadda ba ta riƙe gumi, domin ta auduga tana jiƙewa ta yi nauyi ta goge fata. Tambarin da ke ƙirjinta ba ya ƙara wa kowa sauri. Safa ce kaɗai nake saye sabuwa, kuma ina zaɓen mai ɗan tsawo, saboda duk wanda ya ratsa ta gefen gonaki bayan damina ya san abin da ƙarangiya take yi wa idon sawu. Agogon da ke auna nisa ma ban saya ba, manhajar Strava ta kyauta a wayata tana ƙirga mini kilomita, har tana tara wa kowane takalmi nasa lissafin, wanda da shi na fitar da alƙaluman da na kawo a sama. Inda cinya take gogar juna man kaɗanya nake shafawa, idan kuma gudun zai haura awa ɗaya, dabino uku a aljihu da ruwan leda a hanya sun wadatar da ni.

Tsafta ma sai mutum ya yi da kansa, domin wankin da ake yi a rumfar na ido ne, a goge sama a shafa wa tafi ruwa ya yi ƙyalli. Takalmin da wani ya yi gumi a ciki yana iya zuwa da ƙaiƙayin tsakanin yatsu. Nakan zare igiya da shimfiɗar ciki, in wanke su da sabulu da buroshi mai laushi, in shanya a inuwa inda iska take kaɗawa har kwana biyu, ba a kan rufin kwano ba kamar yadda na ga wasu suna yi. Idan shimfiɗar ta tsufa nakan sauya ta da sabuwa. Tun da na tara takalman gudu biyu ina musanya su, ɗaya yau ɗaya jibi, na lura kowanne yana bushewa sosai kafin a sake sa shi, warin ya ragu, kuma ba na zuwa kasuwa ko ɗaurin aure da su, domin kowace tafiya daga cikin nisan da na saya take cirewa.

Ga mai fara gudu, ko mai yin kilomita 20 zuwa 40 a mako wanda ƙafarsa ba ta da wata matsala, wannan rumfa ta cancanci kuɗin kabu-kabu da awa ɗaya ta bincike, da sharaɗin ya ɗauki na tsakiya ko na sama, ya duba shekara a bayan harshe, ya kuma tuna ba a mayar da kuɗi. Wanda yake fama da ciwon diddige ko na gwiwa da ya daɗe, gara ya fara ganin likita kafin ya sa takalmin da ya riga ya ɗauki fasalin ƙafar wani. A makon jiya yaron ya kira ni cewa an kwance sabuwar dila, na je na tarar da wani Brooks lamba 43 wanda bai kai shekara biyu da ƙerawa ba, zanen tafinsa ko gogewa bai yi ba. Dattijon ya ce jika 24, na taya 18, muka tsaya a 21, na ba da jika 5 a ajiye mini zuwa ƙarshen wata.